Ƙirga Haƙora Kafin Ka Biya: Wayoyin Wutar Kwamfutar Tebur a Zangon Akara

Gaisuwa ga makiyaya a rugage da mashaya, da waɗanda suka kai dabbobi kasuwar Tulaku ta Ashaiman. Gaisuwa ga fatake da direbobi da ke jiran takarda a Aflao da Paga da Elubo, da 'yan albasa na Adjen Kotoku. Sannunku da ƙoƙari, Allah ya ba da kasuwa.

Maganarmu ta yau a kan kwamfutar tebur ce, musamman akwatin da ke ba ta wuta da wayoyin da ke fitowa daga cikinsa. Na san wani zai ce, to ni da ke bin saniya, ko nake ɗaukar goro da albasa, me ya haɗa ni da wannan? Abin da ya haɗa ku kuɗi ne. Yau da yawa daga cikinmu, idan yaro ya gama makaranta a Nima ko Mamobi, jarin da ake ba shi shi ne kwamfuta da na'urar buga takarda, ya kama ɗan shago yana cika wa mutane takardar neman fasfo, yana duba sakamakon jarrabawa, yana buga katin suna da na aure. Wani yaron kuma aikin haɗa bidiyon biki yake yi. Kuɗin wannan jari sau da yawa daga bijimin da aka sayar ya fito, ko daga ribar buhunan albasa. Akwai kuma ku fatake da kuke sayen waɗannan kaya a Akara ku haura da su arewa, zuwa Tamale, Bawku, Wagadugu, har Yamai. Kaya idan sun ƙone a hannun mai saye, kai za a nema.

Daga ina kayan suke fitowa?

Yawancin kwamfutocin da ake haɗawa a zangunan Akara ba sababbi ba ne daga kwali. Tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, a raba su zuwa shaguna. Wanda ya san Akara ya san layin Tip Toe da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, inda ake sayar da wayoyin hannu da kwamfutoci da kayan gyaransu. Wasu sassan kuma daga hannun 'yan gwangwan suke fitowa. A da Agbogbloshie ce cibiyar wannan sana'a, kafin hukuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021, masu sana'ar suka watsu zuwa wasu unguwanni.

To ka ga yadda abin yake: allo daga nan, akwatin wuta daga can, katin hoto daga wani wurin daban. Kowanne da shekarunsa, kowanne da kamfaninsa. Haɗa su wuri guda shi ne aikin, kuma a wajen wayoyin wuta ne aka fi yin asara.

Me akwatin wuta yake yi?

Masu gyara suna ce masa fawa saflai. Mu a nan za mu ce akwatin wuta. Shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka da ke bayan kwamfuta, inda ake soka wayar da ta fito daga bango. Wutar da kamfanin ECG yake kawowa gidajen Nima bolt 230 ce. Kayan cikin kwamfuta kuwa ba su jure wannan ƙarfi. Abincinsu bolt 12 ne, da bolt 5, da bolt 3.3. Aikin akwatin shi ne ya karɓi babbar wuta ya sassauta ta, ya raba wa kowane sashe gwargwadon cikinsa.

A tsofaffin akwatuna launin waya yana gaya maka abin da take ɗauke da shi. Rawaya bolt 12. Ja bolt 5. Ruwan lemo bolt 3.3. Baƙa ita ce hanyar komawar wuta. Akwai koriya guda ɗaya tak, ita ce ke ba akwatin umarnin ya tashi. Sababbin akwatuna da yawa duk wayoyinsu baƙaƙe ne, don haka a nan sai ka karanta rubutun da ke jikin kan wayar.

Wannan tsari ana kiransa ATX. Kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa shiga juna. Amma an yi ta ƙara masa abubuwa, shi ya sa kayan 2001 da na 2015 ba lallai su yi daidai ba.

Ƙirga haƙora

Kai makiyayi, ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙora. Haka za ka yi a nan. Kowane kan waya yana da ƙananan ƙarafa a jere, mu kira su haƙora, kuma yawansu ne sunansa.

Na farko shi ne babban kai, mai shiga babban allo, wanda masu gyara ke ce wa madabod. A farko haƙoransa 20 ne. Daga baya, wajen 2003 zuwa 2004, aka mayar da shi 24. Akwatuna da yawa suna zuwa da shi a rabe, 20 da wasu 4 da ake manna musu a gefe. Idan allonka mai rami 24 ne, ka nemi akwati mai 24. Mai 20 yana iya tayar da shi, amma haƙora huɗun nan an ƙara su ne don ɗaukar ƙarin nauyi, kuma idan ka sa katin hoto ba tare da su ba, sauran wayoyin ne za su ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu har su yi zafi.

Na biyu shi ne na ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa. Tun da Pentium 4 ta fito a 2000 aka ware mata wayarta daban, mai haƙora 4, biyu rawaya biyu baƙaƙe. Alluna na baya-bayan nan suna son mai 8, wanda yawanci yake rabuwa gida biyu, huɗu da huɗu. Raminsa yana can saman allo kusa da furosesa. Yara masu koyo sukan manta da shi. Sai a danna maɓalli, fanka ta juya, amma allon kallo ya yi duhu, a ce ai madabod ta mutu, a je a sayo wata. Alhali waya ɗaya ce ba a soka ba.

A nan ku lura da kyau. Haƙora huɗun da ake manna wa babban kai ba su ne huɗun furosesa ba. Na babban kai launi huɗu ne daban-daban: ruwan lemo, ja, rawaya da baƙi. Na furosesa launi biyu ne kawai. Kama da wane ba ta wane.

Na uku shi ne na katin hoto. Wanda aikinsa buga takardu ne, yawanci ba ya bukatar wannan kati. Mai haɗa bidiyo ko mai shagon wasannin kwamfuta shi ne yake bukatarsa. Ramin da ake soka katin a jikin allo yana iya ba shi wuta har wat 75. Katin da cinsa ya wuce haka sai an kawo masa waya ta musamman: mai haƙora 6 tana ƙara wat 75, mai haƙora 8 tana ƙara wat 150. Ita wannan mai takwas ɗin tana rabuwa ne shida da biyu.

To ga inda ake kuka. Furosesa tana da kai mai 8, katin hoto ma yana da kai mai 8. A ido kamar tagwaye. Amma inda ɗaya yake da bolt 12, ɗayan hanyar komawa ce a wurin. An sassaƙa ramukan yadda ba za su shiga juna ba, wasu murabba'i, wasu da gefe a daddatse. Sai dai roba ce, mai ƙarfin hannu yana iya tura ta ta shiga. Idan ta shiga aka kunna, in an yi sa'a akwatin ya kashe kansa, in ba a yi ba a ji ƙauri. Ku riƙe wannan: huɗu da huɗu na furosesa ne, shida da biyu na katin hoto ne. Kan da ya ƙi shiga da sauƙi, ka tsaya ka sake dubawa, kada ka yi masa dole.

Manyan katunan zamani, irin RTX 4090 na kamfanin Nvidia da ya fito a 2022, suna da wani sabon kai mai haƙora 16 da ke ɗaukar har wat 600. An samu rahotannin narkewarsa a ƙasashe da dama, kuma abin da aka fi dangantawa da shi shi ne rashin tura shi har ƙarshe. Irin wannan kati ba kasafai zai zo hannunmu ba saboda tsada, amma darasin ya shafi kowane kai: ka tura har ka ji ƙugiyarsa ta ce ƙas.

Na huɗu shi ne na rumbun ajiya. Siriri ne mai faɗi, ana ce masa SATA, haƙoransa 15, bakinsa yana da ɗan lanƙwasa a gefe ɗaya don kada a juya shi. Akwai kuma tsohon kai mai haƙora 4 manya, wanda aka fi sani da Molex, na tsofaffin rumbuna da wasu fankoki. Sabon rumbun nan ɗan siriri, M.2, shi a jikin allo ake ɗaure shi, ba ya son waya ko ɗaya.

Kwamfutocin ofis masu nasu hali

Yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke sauka a Tema na kamfanonin Dell da HP da Lenovo ne. Kaya ne masu ƙarko, amma da yawansu ba su bin tsarin da muka lissafa. Za ka buɗe Dell OptiPlex ka tarar babban kanta haƙora 8 ne ko 6. Wasu HP 6 ne. Wasu Lenovo 14 ne ko 10. Akwatin wutar irin wannan kwamfuta idan ya mutu, na kasuwa mai 24 ba zai shiga ba. Sai ka nemi irin nasa, ka duba lambar da ke jikin tsohon, ko kuma adafta da aka yi musamman don wannan samfuri, ba don ɗan'uwansa ba. Haka kuma girman akwatin: ƙananan kwamfutocin ofis masu kwanciya a tebur nasu siriri ne dogo, babban akwati ba zai zauna a cikinsu ba.

Abin ya daɗe. A ƙarshen shekarun 1990 Dell ta yi wasu kwamfutoci masu kai mai haƙora 20, kamanninsa ɗaya da na kowa, amma jerin wayoyinsa daban. Mutane da dama sun ƙona allo a kan haka. Saboda haka ku fatake, idan an aiko ku sayen akwatin wuta daga Bawku ko Yamai, kada ku karɓi saƙon "a sayo min fawa saflai" kawai. Ku ce a turo hoton takardar da ke manne a jikin tsohon, da hoton kan wayar, ta WhatsApp. Minti biyu ne, ya fi a yi tafiyar kwana biyu da kayan da ba za su yi aiki ba.

Akwai kuma sababbin akwatuna masu tsada waɗanda wayoyinsu ake cirewa a mayar. Kan da ke shiga kwamfuta iri ɗaya ne a ko'ina, amma kan da ke shiga akwatin kowane kamfani da yadda ya jera nasa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Wayar wani akwati a jikin wani tana iya kashe rumbun ajiya nan take, da duk aikin mutane da ke ciki. Idan kuna sayen irin wannan na hannu, ku tabbata wayoyin nasa ne, ku ɗaure kowane akwati da nasa a leda guda. Kada a zuba su a buhu ɗaya a ce a can a tsince.

Jan maɓallin baya

Wannan shi ne ya fi shafar masu tsallaka iyaka. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce. Ta Gana da Najeriya 230, ta Nijar da Togo da Burkina Faso wajen 220. Tsofaffin akwatuna suna da ɗan jan maɓalli a baya, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230. Kwamfutar da ta taso daga Amurka tana zuwa a kan 115. Ka soka ta a bangon Mamobi a haka, za ka ji fau, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Kafin ka soka kowace kwamfutar da ɗan'uwa ya aiko daga waje, juya bayanta ka duba. Idan akwai jan maɓalli, tura shi zuwa 230. Idan babu, karanta takardar jikin akwatin: in an rubuta 100 zuwa 240, wannan yana daidaita kansa.

Sai fulogin bango. Gana da Najeriya mai ƙafa uku masu faɗi ake amfani da shi, irin na Ingila. Ƙasashen da Faransa ta raina kuwa mai ƙafa zagayayyu ne. Mun san dabarar da ake yi, a sa tsinke ko murfin biro a buɗe ramin sama, a cusa mai ƙafa biyu. Zai kawo wuta, amma ƙafa ta ukun nan ita ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Babu ita, jikin kwamfutar yana iya jan mutum. Wayar bango ba ta da tsada, ka sayi wadda ta dace da ƙasar da za ka kai kayan.

Wat nawa ya isa?

Kwamfutar buga takardu da cika fom, wadda ba ta da katin hoto, akwatin kirki mai wat 300 ya ishe ta har da rara. Idan akwai katin hoto, kamfanin katin yana faɗin ƙarfin akwatin da yake so, sai ka bi wannan.

Amma kada babban rubutun kwali ya ruɗe ka. Duba takardar gefen akwatin, nemi layin bolt 12, ka ga amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. Misali an rubuta wat 500 da manyan baƙaƙe, amma layin bolt 12 amfiya 18 ne. Sha takwas sau sha biyu, 216. To wat 216 ke nan yake iya ba furosesa da katin hoto, waɗanda su ne manyan masu ci. Ɗauki akwatin a hannu kuma ka ji nauyinsa. Wanda ya yi sakayau kamar gwangwanin madara, an rage kayan cikinsa. Araha ba ta ado.

Game da adafta kuwa, ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan katin hotonka yana son kai mai 8, akwatin kuma bai zo da shi ba, to ba a gina akwatin don wannan nauyi ba. Adaftar da ke jan wuta daga wayar rumbun ajiya ta kai wa katin hoto tana canja siffar baki ne kawai, ba ta ƙara wa waya kauri. Siririyar waya idan aka ɗora mata babban kaya sai ta yi zafi. Ku tuna yadda gidajenmu suke a Nima, ɗaki a jikin ɗaki, shago a jikin shago, lunguna ƙanana waɗanda motar kashe gobara ba ta shiga. Wutar da ta tashi a shago ɗaya ba a nan take tsayawa ba.

Gwaji kafin biya

Mai sayarwa zai lanƙwasa ɗan ƙarfe ya haɗa koriyar waya da baƙa, fanka ta juya, ya ce ka gani, lafiyarsa lau. Wannan ya nuna akwatin yana tashi ne kawai. Ka ce ya sa mita. Rawaya ta nuna tsakanin 11.4 da 12.6. Ja tsakanin 4.75 da 5.25. Ruwan lemo tsakanin 3.14 da 3.47. Abin da ya fita daga nan, ka bar masa kayansa. Mafi kyau ma a haɗa shi da kwamfuta a bar ta tana aiki na ɗan lokaci a gabanka. Shinshina bayan akwatin, duba haƙoran ko akwai wanda ya yi baƙi ko robarsa ta narke. Sannan ku yi magana a fili: in ya ƙi aiki cikin kwana nawa zan iya dawo da shi? A rubuta a rasit.

Kada kuma kowa ya kwance akwatin wuta don leƙa cikinsa, ko da an zare shi daga bango. Akwai sassan da ke riƙe wuta mai ƙarfi bayan an kashe. Wannan aikin ƙwararre ne.

Bayan an haɗa

Mutanen Gana ba sa bukatar a gaya musu mene ne dumsor. Kalmar Tuwi ce, kashe da kunna, kuma kowa ya tuna yadda aka sha fama a 2015. Lokacin da wuta ta dawo ne ya fi haɗari ga kwamfuta, domin takan zo da ƙarfi ko tana rawa. In an ɗauke, kashe soket na bango. In an kawo, ba ta 'yan mintuna ta zauna. Mai hali ya sayi UPS, wadda za ta riƙe kwamfutar har ka adana aikinka ka kashe ta da kyau, ko aƙalla sitabilaiza. Mai janareta kuma ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna kwamfuta, ya kashe kwamfutar kafin ya kashe injin.

Ƙura ma abokiyar gaba ce, musamman ga kayan da za su arewa inda hunturu ya fi tsanani. Tana toshe fanka, akwatin ya yi zafi. A ɗora kwamfutar a kan tebur ko katako, kada a ajiye ta a ƙasa, a riƙa hure ƙurar lokaci-lokaci bayan an zare wuta. Ku masu ɗaukar kaya a mota, ku naɗe su da leda saboda ruwan sama, kada a ɗora musu buhu, kuma in an sauke a sake danna kowane kan waya, domin girgizar hanya tana sassauta su.

Iyaye, ba sai kun iya haɗa kwamfuta ba. Tambayoyi huɗu sun ishe ku kafin ku miƙa kuɗi. Babban kan wayar haƙoransa nawa, kuma ya dace da allon? Akwai wayar furosesa da ta katin hoto daga akwatin kansa, ba ta adafta ba? Jan maɓallin yana kan 230? An gwada da mita a gabanmu? Mai sayarwa na gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, zai ma gane cewa ya haɗu da wanda ya san ciwon kuɗinsa. Mai tambaya ba ya ɓata.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman yaranmu masu koyon gyara a Nima da Mamobi da Sabon Zango. Allah ya sa albarka a jari, ya tsare mu daga gobara, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. A huta lafiya.